Baƙin mishan sun yi kwana tara da yaranmu: ga abin da idona ya gani

Tun da baƙin nan suka tafi ban huta da tambaya ba. A taron zumuntar mata na gunduma kaɗai, matan fastoci uku ne suka ja ni gefe, kowacce da magana iri ɗaya: "Malama, an ce mu ma za a turo mana irinsu. Mu karɓa, ko mu ce a yi haƙuri?" Wannan ba tambayar da za a amsa a tsaye a bakin ƙofar majami'a ba ce, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, wanda ya karanta ya kai wa wanda bai karanta ba.

Ni malamar firamare ce, kuma shekara 14 ke nan ina riƙe da ajin yara na makarantar Lahadi a ikilisiyarmu, a wani ƙauye na ƙasar Sumaila. Ni na yi wa baƙin tafinta a ajin ƙanana. Uku daga cikin matansu a ɗakina suka kwana. Ni da matan zumunta muka dafa duk abin da suka ci. Gani dai ya kori ji. Amsata a taƙaice ita ce: ku karɓe su, amma linzamin ya zauna a hannunku tun daga ranar da aka fara maganar zuwansu. Mu sai a tsakiyar tafiya muka gane haka.

Su tara ne. Shida daga Amurka suka zo, huɗu a cikinsu ɗalibai ne da ba su fi shekara ashirin da ɗoriya ba, sai shugaban ayarin, sai wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin koyarwa. Sauran ukun 'yan ƙasa ne daga Jos: wata nas, da wani matashi mai bishara, da direba. A filin jirgin Malam Aminu Kano suka sauka, suka kwana a birni, washegari suka biyo ta Wudil suka iso mana da azahar, mota cike da akwatuna. Matan sun zo da zani da ɗankwali, babu wadda ta shigo mana gari da wando, kuma kowannensu ya iya "Sannu", "Ina kwana" da "Na gode". Mutanen Jos ne suka shirya su, sun kuwa kyauta. Tuwon dawa miyar kuka suka ci da hannu babu yatsine. Ɗaya daga cikin samarin ya sha fura a gidan wani dattijo don kada a ce ya raina, ya kwana yana zarya bayan gida, amma da gari ya waye ya fito aiki bai yi ƙorafi ba. Wajen ladabi da sauƙin kai ba ni da abin da zan ce sai alheri.

Kuskuren farko tun kafin su tako ƙasar nan aka yi shi, kuma da hannunmu a ciki. Watan Agusta suka zaɓa, domin lokacin ne suke hutu a can, mu kuma muka amsa da "to" saboda kunyar baƙo. Suka zo da takardar tsari a buge: ƙarfe tara na safe zuwa sha biyu. Ranar farko yara 38 muka ƙirga, kusan dukansu ƙanana, wasu ma goyo. Shugaban ya dubi kujerun da aka jera ya dube ni, ya ce ba an gaya musu akwai yara sama da ɗari ba? Akwai su mana. Suna gonar gyaɗa suna cirar ciyawa, suna fadama wajen dashen shinkafa, suna daji yankan ciyawar awakin da ke ɗaure a turke. Wa zai saki ɗa mai shekara goma da hantsi a tsakiyar damina? Baba, babban dattijon ikilisiya, shi ya warware zancen da yamma. Ya ce wa shugaban, "Ɗana, yaron da ka gani zaune nan da safe, hannu guda ne ya ragu a gonar ubansa. Ka bari su taso, su wanke ƙafa, za ka ga yara har sai ka rasa inda za ka zuba su." Aka mayar da shirin ƙarfe biyu zuwa biyar. A rana ta uku mun haura 140. Ban ji ko sau ɗaya shugaban ya ce "ai haka aka tsara" ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ya zo da takarda a hannu.

Abinci na daga cikin abubuwan da suka yi daidai ƙwarai. Duk ɗan ƙauye ya san Agusta: rumbu ya kai ƙasa, gero bai nuna ba, gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya. Ba su kwaso mana abincin gwangwani daga ƙasarsu ba. Kuɗi suka damƙa wa shugabar zumunta, muka je kasuwa muka auno da kanmu. Kullum kwano takwas na shinkafa, huɗu na wake, da mai da yaji, sau biyu kuma aka haɗa da dafaffen ƙwai. Kowane dare mu zauna da littafi mu rubuta abin da aka kashe, har itace. Matan da suka yi girki an biya su ladan aikinsu, ba a ce su yi don Allah kawai ba alhali sun bar gonakinsu. Kuɗin ya zauna a garin, mai awo ya samu, mai itace ya samu. Yaro kuma in cikinsa ya ɗauka, kunnensa yana buɗewa.

Ranar duba lafiya ita ce zan fi daɗewa a kanta, don a nan ne na ga amfanin zuwansu da idona, a nan ne kuma abin zai iya lalacewa da Fasto bai tsaya tsayin daka ba. Sun zo da kwalayen maganin tsutsar ciki, niyyarsu su fara rabawa washegarin isowarsu. Fasto ya ce a'a. Ya zaunar da su ya ba su tarihin da ba su sani ba: gwajin maganin sanƙarau da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996, da yadda aka dakatar da allurar shan inna a jihar nan daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi. Ya ce, "A ƙasar Kano, Bature da ƙwayar magani a hannu yana miƙa wa yaro ba ƙaramar magana ba ce. Mutanenmu ba su manta ba, kuma ba su yi laifi ba da suka ƙi mantawa." Ɗaliban suka yi tsit. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta ce ba ta taɓa jin labarin ba, idonta ya kawo ruwa.

Sai aka bi ta ƙofa. Fasto da Baba da nas ɗin suka je wurin dagaci, suka faɗi gaisuwa, suka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi muka yi, suna so su duba lafiyar yaran gari, namu da na 'yan'uwanmu Musulmi, babu wa'azi a ciki." Dagaci ya sa aka kira liman da masu unguwanni. Aka sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na garinmu ya duba kwalayen ɗaya bayan ɗaya, ya karanta ranar da wa'adin maganin zai ƙare. Aka yi aikin a filin makarantar firamare, ƙarƙashin darbejiya, ba a harabar coci ba. Shi da nas ɗin ne kaɗai suka ba da magani. Turawan rubuta suna da riƙe layi da miƙa ruwa suka yi. Babu yaron da aka ba wa ƙwaya sai uwarsa ko ubansa na tsaye. Wanda ya kai shekara biyu ƙwaya guda, wanda ke tsakanin shekara ɗaya da biyu rabi, a murƙushe a cokali.

Nas ɗin nan, Allah ya yi mata albarka. Ta zo da ɗan ma'aunin damtse, wata siririyar leda mai launi uku da ake zagaya wa hannun yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. In ya faɗa kore, lafiya. In rawaya ne, tsakanin santimita 11.5 da 12.5, a tashi tsaye. In ja ne, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti. Yara biyar suka faɗa ja a ranar, ta rubuta musu takarda, direban ya kai su da iyayensu inda ake ba da abincin nan na gyaɗa da ke cikin leda. Ba ta tsaya nan ba. Ta tara mata ta koya musu awon da hannunsu, ta bar mana ma'auni goma, yanzu haka biyu suna cikin jakata. Ta nuna haɗin ruwan gishiri da sukari da abin da muke da shi: fiya wata leda biyu, wato lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ta sa kowace mace ta haɗa ta ɗanɗana, ta ce kada gishirinsa ya fi na hawaye. Da samari suka fara dariya a kan fitsarin jini, ta tsawata musu, ta ce tsargiya ce, ciwo ne da ake ɗauka a kududdufi da rafi wajen wanka, ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. Ba su zo da maganinta ba, ta kuwa faɗi gaskiya ba ta da shi, ta rubuta sunayen yaran ta ba ma'aikacin asibitinmu.

Sai maganar yaron nan. Ɗan ajina ne a firamare, shekararsa takwas, ɗan maƙwabtanmu Musulmi. Shekara biyu ina ganinsa yana karkata kai in zai kalli allo, rubutunsa yana hawa yana sauka, na ɗauka rashin mai da hankali ne. Suka kafa allon gwajin ido mai harafi ɗaya da ke juyawa ko'ina, a nisan mita shida, yaro ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Da aka rufe masa idon dama, ko babban na sama bai gani ba. Nas ta haska tocila ta kira ni ta nuna mini wani fari a tsakiyar baƙin idon. Ta ce fari a wannan wuri a idon yaro ba abin jira ba ne ko na mako guda. Aka kai shi asibitin ido na ECWA da ke Kano, wanda 'yan mishan suka kafa tun shekarun 1940, aka tabbatar yanar ido ce, aka yi masa aiki. Baƙin suka biya. Ubansa ya zo gidan Fasto da zabi biyu, aka yi ta fama da shi ya mayar ya ƙi. Ni kuwa na kwana ina tuna sau nawa na ɗaga wa yaron nan murya a aji.

Amma ko a nan akwai giɓi. Sun yi lissafin kuɗin aiki, ba su yi na komawa asibiti ba. Aikin ido a yaro ba ya ƙarewa ranar da aka cire bandeji. Akwai komawa sau da yawa, akwai maganin ɗigawa, akwai tabarau. Kuɗin motar Kano zuwa da dawowa na mutum biyu ba wasa ba ne ga manomi kafin kaka. Bayan sun tafi, baiko na musamman muka yi a coci, 'yan'uwan uban ma suka haɗa nasu. Duk wanda zai karɓi irin wannan ayari, ya tambaye su tun farko: wanda kuka fara yi wa magani, wa zai ƙarasa?

Ajin Littafi Mai Tsarki a cikin majami'a aka yi shi, na yaran ikilisiya, haka aka yi alkawari da dagaci. Waƙoƙin da suka zo da su na Turanci ne masu tafi da tsalle. Yara sun haddace su cikin kwana biyu, sun ji daɗi, amma ko kalma ɗaya ba su san ma'anarta ba. Ranar da ajin ya yi rai ita ce ranar da matan zumunta suka shigo da tulunansu da kacau-kacau, aka juya, baƙin suka koma ɗalibai, yara suna gyara musu lafazi.

Darasin da ya tayar mini da hankali shi ne na awarwaro. Zare ne aka jera wa duwatsu masu launi biyar, kowane launi da ma'anarsa: rawaya sama, baƙi zunubi, ja jinin Yesu, fari tsarkakewa, kore girma cikin bangaskiya. Yarinyar da ke koyarwa tana faɗa ina fassarawa, har muka zo kan baƙi da fari. Sai wata 'yar shekara bakwai ta ɗaga hannu, ta dubi fatar hannunta, ta dubi ta mai koyarwar, ta ce, "Malama, in Yesu ya wanke ni zan koma fara kamar ita?" Ban san lokacin da na ajiye tafinta na shiga amsa da kaina ba. Na ce mata Allah ne ya yi fatarta da hannunsa, ya duba ya ga tana da kyau, zunubi kuma ba a fata yake zama ba. Da na juya wa mai koyarwar abin da yarinyar ta ce, fuskarta ta yi ja, ta kasa ci gaba. Da dare muka zauna muka gyara: aka daina cewa baƙi da fari, aka koma duhu da haske, datti da wanki. Ba mugunta ba ce, na tabbata. Darasi ne da aka ɗinka a wata ƙasa aka kawo ba a gwada shi a jikinmu ba, ni ma kuma da na nemi ganin darussan kafin a shiga aji da na tare shi.

Baba ma bai so awarwaron ba, ta wata fuskar dabam. Shi ɗan Maguzawa ne, kamar kakannin yawancinmu. Da hannunsa ya kwance layu da guraye da kambun da ke jikinsa ya zuba a wuta ranar da ya karɓi Almasihu. Da ya ga jikokinsa da duwatsu a wuyan hannu, ɗaya har yana cewa ba zai cire ba ko wajen wanka don kada wani abu ya same shi, sai ya kira ni ya ce, "'Yata, abin da muka ƙone ne ya dawo da sabon launi?" Aka tattara su aka ɗinke a jikin wani ƙyalle, muka rataye a bangon aji, in ana darasi a nuna.

Awarwaron nan dai shi ya jawo babban abin da ya faru. Yaran maƙwabta sukan taru a bakin danga suna leƙe, abin yara, ga kiɗa ga balan-balan. Ɗaya daga cikin samarin ya ga sun ba shi tausayi, ya ɗebi awarwaro ya fita ya ɗaura wa kusan goma, har da almajirai biyu, yana yi musu bayani da 'yar Hausar da ya tsinta. Kafin magariba magana ta zaga gari: an ce ba wa'azi, ga shi an ɗaura wa yara abin coci. Liman mutumin kirki ne, bai yi hayaniya ba, aike ya yi wa Fasto. A daren Fasto da Baba da shugaban ayarin suka tafi da ƙafarsu suka ba da haƙuri, saurayin ma ya bi su ya durƙusa. Aka kashe wutar. Amma ni ban yi barci ba. Mutanen nan da ake magana ba baƙi ba ne a wurinmu. Ƙanin mahaifina Musulmi ne, rijiya ɗaya muke ɗiba, suna kawo mana naman layya, muna kai musu shinkafar Kirsimeti, in an yi rasuwa tabarma ɗaya muke zama. Wannan zaman shekaru aka yi ana gina shi. Baƙo zai hau jirgi ranar Talata, mu ne za mu wayi gari ranar Laraba da maƙwabtanmu. Na gaya wa saurayin haka da bakina, ya saurara, bai kare kansa ba. Ina son kowa ya ji bishara, don ita nake raye, amma ɗan mutum ba a bi ta bayan ubansa a kai gare shi.

Alawa kuwa sau ɗaya aka watsa ta sama, aka yi wawaso, wata ƙaramar yarinya ta fasa leɓe, na hana. Ƙwallayen da suka kawo ƙaya ta cinye su cikin kwana uku, sai da mai faci ya taimaka. Fensir mai kala da littattafan rubutu sun yi amfani, har yau muna cin moriyarsu.

Hoto ne ya fi ba ni ciwo, don shi sai bayan tafiyarsu ya fito. Ɗan yayata da ke karatu a Kano ya turo mini wani hoto da ya gani a Facebook: 'yar maƙwabciyata ce, da yagaggiyar riga, ƙafa duk taɓo, an rubuta a ƙasa wai yaran nan ba su da komai amma suna murmushi. Daga gona yarinyar ta taso! Wa ke zuwa cirar ciyawa da kayan Kirsimeti? Tana da uwa, tana da uba mai shanun noma biyu, tana da kaya a akwati, ita ce ta biyu a ajinsu. Da uwar ta gani, ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Ashe haka suka gan mu." Na rubuta wa shugaban, cikin kwana ɗaya aka cire, wadda ta saka ta aiko da ban haƙuri mai tsawo, na karanta wa uwar na fassara mata. Ta ce ta yafe. Sai dai na lura ranar da aka zo ɗaukar hoton yaran Lahadi na ƙarshen shekara, ta riƙe 'yarta a gida.

Abin da ya fi kome daraja a kwana taran nan ba ya cikin takardar tsarinsu. Dattijuwar nan mai ritaya, wadda yara suke kira Kaka, ita ta ce tana so ta zauna da malaman makarantar Lahadi bayan cin tuwon dare. Mu shida ne. Dare uku muka yi da ita a ƙofar ɗakina da fitila mai caji. Ba ta buɗe akwati ba ko sau ɗaya. Ta ce mu kawo abin da ke gidan. Labarin mai shuka, ta sa aka ɗebo gero a ƙwarya, muka fita tsakar gida muka watsa a kan hanya, a kan dutse, cikin ƙaya, da kan ƙasa mai kyau, ta ce yara su riƙa zuwa duba shi duk Lahadi. Labarin ɓatacciyar tunkiya, ta ce a ɓoye ɗan rago na gaske a bayan coci a tura yara nema. Ta ce, "Yaranku sun fi yaran ƙasarmu sanin waɗannan misalai, don rayuwarsu ce. Ku tambaye su, su za su koya muku." Ta nuna mana yadda ake durƙusawa a yi daidai da tsawon yaro kafin a yi masa magana, da yadda ake yin tambaya a yi shiru a jira, ko da shirun ya yi tsawo. Ta kafa mana ƙa'ida cewa kada babba ɗaya ya keɓe da yaro, ko wane ne shi, kullum a zama biyu. Dattawa sun amince, an rubuta an manna a ƙofar aji.

A dare na biyu ta tambaye ni tsumagiyar da ta gani a jingine a lungun aji ta mece ce. Na ce ta masu surutu ce. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe Markus sura 10, inda almajirai suka kwaɓi masu kawo yara, Yesu ya ji haushi ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, kada a hana su. Ta ce in karanta da Hausa da ƙarfi. Na karanta ayar nan ya fi sau ɗari, na sa yara sun haddace ta, da tsumagiya a hannuna. Tun daga ranar ban sake shiga da ita aji ba. Surutu bai ƙare ba, amma yara uku da suka daina zuwa sun dawo.

Baba yakan ce 'yan mishan na dā ba haka suke ba. Ya ba baƙin labarin waɗanda suka zo a 1893, su uku, Gowans da Kent da Bingham, biyu suka mutu cikin shekara guda. Da waɗanda suka biyo baya suka zauna da kutare a Yadakunya. Da yadda aka samu Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, har aka miƙa ragamar ikilisiya ga 'yan ƙasa a 1954. Ya ce waɗancan sun koyi Hausa har da karin magana, sun binne 'ya'yansu a ƙasar nan. "Ku kuwa kwana tara." Ba da gatse ya faɗa ba, su ma ba su ɗauka da zafi ba. Ni ma na yi wa shugaban tawa tambayar a daren ƙarshe. Na nuna masa ajinmu da iska ta yaye wa rufi tun bara, na ce kuɗin jirgin mutum ɗaya a cikinsu zai rufe shi da kwano har a yi canji, me ya sa ba a aiko kuɗin ba a zauna a gida? Ya yi shiru, sannan ya ce gaskiya ce, kuma ya sani tafiyar ta fi canza su fiye da yadda take canza mu, amma mutanen cocinsu ba sa bayarwa ga wurin da ba su taɓa gani ba. Na ji daɗin da bai yi mini kwana-kwana ba. Har yanzu ina juya amsar a raina, ban gama yarda da ita ba. In na tuna idon yaron nan da darare ukun nan, sai in ce gara da suka zo. In na ɗaga kai na ga sama ta cikin rufin aji, sai in ce mutum huɗu ma sun isa.

Ranar tafiya an sha kuka. 'Yan matan sun saba ɗaukar ƙananan yara a kafaɗa, suna ce musu "ƙawata", wata har ta ce wa autana za ta dawo ta tafi da shi ya ga jirgi. Wasa take yi, shi bai san wasa ba ne. Mako uku yana zuwa bakin hanya da yamma yana jiran mota. Wannan ma a gaya wa duk baƙon da zai zo: kada ya yi wa yaro alkawarin da ba a hannunsa yake ba.

A watan jiya suka rubuto suna neman dawowa baɗi. Dattawa suka zauna, aka kira ni da shugabar zumunta. Muka amsa cewa muna maraba, amma a Disamba, bayan an kai amfanin gona gida. Mutum huɗu, a ciki har da nas da Kaka in ƙarfinta ya kai. A aiko mana da darussa wata biyu kafin zuwa mu duba. Babu ɗaukar hoton yaro sai uwarsa ta gani ta yarda. Kwana biyu na farko na malamai ne kaɗai, kuma za mu gayyato na ikilisiyoyi huɗu da ke kewaye da mu. Abin da ya ragu na kuɗin tafiyar mutum biyar, a sa a rufin aji da asusun komawa asibiti. Fasto ya sa hannu, ni na buga a waya na tura ranar Litinin. Yaron nan kuma an mayar da shi layin gaba a ajina, da tabarau ɗinsa da uwarsa ta ɗaure masa da zare ta ƙeya, ranar 12 ga wata zai koma Kano a sake duba idon.